Tsoho mai lauje da yatsuna biyu

Hannuna na dama yana riƙewa amma ba ya saki. 'Yan bindiga ne suka sare ni da adda a bayan wuyan hannu, a hanyar ƙauyenmu ta bayan Ribah, ranar da suka karɓe mashin ɗina. Ba zan ba da labarin ranar ba. Mu uku ne a kan hanya, ni kaɗai na rayu. A asibiti aka ɗinke fata, jijiya kuma ta ƙi komawa yadda take. Babban yatsa yana motsi. Sauran huɗun suka lanƙwashe cikin tafi kamar ƙafar kazar da aka yanka.

Bayan wata biyu ƙauyen ya watse. Muka zo Zuru, muka sauka a Rikoto, gidan ƙanin matata. Ya ba mu ɗaki ɗaya, ni da ita da yara uku. Bai taɓa yi mini gori ba, amma ni na san abin da nake ji. A al'adarmu saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato ya yi wa uban yarinya noma shekara da shekaru, shi da ƙungiyar samarinsa. Shekara bakwai na yi a gonar ubansu. Lokacin wannan ƙanin nata ruwa yake kawo mana a tulu. Yanzu tuwonsa nake ci, da hannun hagu.

Da damina ni manomi ne, da rani ɗan kabu-kabu. Gona ta tafi. Saura mashin. Akwai wani tsohon mashin na ƙanin matata a jingine a zaure, ba mai hawa. Ya ce in ɗauka in yi aiki da shi, in kama mana ɗakin haya. Matata ce ta tsaya a kai.

"Ba za ka hau ba sai ka iya kama birkin gaba," in ji ta. "Garin nan duk gangare ne. Ba zan je asibiti sau biyu ba."

Na ce birkin ƙafa ya isa. Ta ce ya isa in kai kaɗai ne, ba da matar wani da buhun dawa a baya ba. Ƙanin nata ya goyi bayanta, ya ɗauke makulli. Ƙarfen birkin yana gaban totur, sai yatsa ya miƙe ya kamo shi. Yatsuna ba sa miƙewa. Shi ke nan zancen.

Matar da take yi mini gashin ƙashi a asibiti ta ce matsewa na riga na iya, buɗewa zan koya. Ta ce in ɗora hannu a kan tebur in riƙa ɗaga yatsa ɗaya. Na yi mako biyu ina kallon yatsa, shi ma yana kallona. Na daina. Na koma zama a ɗaki. Ɗakin yana da taga ɗaya, tana kallon bangon makwabci. Na fara yi wa yara tsawa ba dalili. Wata safiya matata ta ce in tashi in je shagon ƙaninta, ko gadin wayoyi ne in yi, kafin in cinye mata 'ya'ya.

Shagon a bakin hanya yake, rufin kwano, da sola a sama. Gefe ɗaya ana cajin waya. Ɗaya gefen talabijin biyu ne da benci, masu gem, wato wasan talabijin, suna zama. Ni Manaja nake ce wa ƙanin nata, don in ba shi haushi. Shi kuma ɗan golmo yake ce mini. Ya ajiye mini kujera a kusurwa. Na matsar da ita inda zan riƙa ganin ƙofa.

Talabijin ɗaya ta ƙwallo ce. Ɗayar ta faɗa ce. Mutum biyu kowa ya riƙe abin dannawa, fad suke ce masa, kowa ya zaɓi jarumi daga cikin fuskoki, a yi ta duka har ɗaya ya faɗi. Ban yi boko ba. Rubutun Hausa ma ina babba na koya a ajin coci. Abin da ake rubutawa a talabijin ɗin da Turanci ne, ban san ko ɗaya ba. Amma ina da ido. Na lura akwai wata fuska a layin ƙasa da kowa yake tsallakewa. Wani tsoho ne, ƙashi da rai, da lauje ɗaure a bakin sarƙa.

"Manaja, wancan tsohon laifin me ya yi?"

"Wahala gare shi," in ji shi. "Masu yatsu goma ma sun gudu."

Ya nuna mini. Sauran jarumai da babban yatsa ake tafiyar da su, ka danna su kai naushi. Tsohon ba haka yake ba. A goshin fad, ta dama, akwai madanni biyu, ɗaya na manuniya, ɗaya na yatsan tsakiya. In ka danne na manuniya ka riƙe, tsohon zai fara juya sarƙa a saman kansa. Ba ya dukan kowa sai ka saki. In ka saki da wuri, lauje ya faɗi a gabansa. In ka makara, sarƙa ta naɗe masa wuya, abokin faɗa ya zo ya tattake shi. Na tsakiyan kuma tsayuwarsa yake canzawa. Tsayuwa uku gare shi: a miƙe, a tsugune, da kuma ya juya wa abokin faɗa baya. Kowace da nata dukan.

Na ce ya ba ni.

"Ɗan golmo, ɗauki wancan ƙaton mai guduma. Madanni ɗaya ne, ko jaki zai iya."

"Mai laujen nake so."

Ban zaɓe shi don magani ba. Lauje na sani, shi ke nan. Sai da na riƙe fad ɗin na ga yatsu biyun da yake nema su ne waɗanda birki yake nema. Ban faɗa wa kowa ba.

Da hannun hagu na ɓamɓare manuniyata na ɗora ta a kan madannin. Ta danne. Tsohon ya fara juya sarƙa. Na ce wa yatsa ta saki, ta ƙi. Sarƙa ta naɗe shi, wata mace mai takobi ta zo ta yanka shi. Aka sake, haka. Aka sake, haka. Wani tela da yake zuwa cajin waya ya tsaya yana kallo.

"Wanga tsoho tsuntsaye yaka kora a gonar gero?" in ji shi.

Aka yi dariya. Ban yi ba.

Kuskuren da na yi a makon farko na manomi ne. A sanina, in kana son abu ya ji, ƙarfi kake sa masa. Garma in ba ka danna ba, ba ta shiga ƙasa. Don haka duk madannin da babban yatsana ya samu, da dukan ƙarfina nake murƙushe shi, har kafaɗata tana tashi. Ina ganin in na danna da ƙarfi, laujen zai fi shiga. Ranar Juma'a fad ɗin ya daina amsawa. Manaja ya kwance shi da sukudireba, ya zaro wata 'yar roba, ya ɗaga mini. Ta yage gida biyu.

"Ka ga aikinka? Wannan ba gonar babana ba ce. Ko da ƙarfin bijimi ka danna, ko jinjiri ya taɓa, dukan ɗaya ne. Na'urar ba ta san ƙarfi ba. Lokaci ta sani."

Ban yarda ba. Ya ce in zuba ido. Ya taɓa madannin da bakin farce, tsohon ya kai sara, jan layin da ke saman kan abokin faɗa ya ragu. Ya sake dannawa da ƙarfi, layin ya ragu daidai da na farko. Na daɗe ina kallon layin. Shekara kusan arba'in ƙarfi ne abin da nake da shi, a nan kuma ba ya sayen komai.

Ya ɗauko wani tsohon fad da aka naɗe da baƙin salatif, ya ce wannan nawa ne, kada in taɓa sabbin. Ya ce in zo da safe kafin mutane, daga buɗe shago zuwa hantsi. Akwai wani wuri a cikin gem ɗin da abokin faɗa yake tsayawa kamar turmi, ba ya ramawa. Nan ya sa ni. Ya nuna mini wani dogon jeri na kibiyoyi da Turanci, ya ce duk dukan tsohon ke nan, sun fi sittin. Na ce ya rufe.

Da kunne na koya. Sarƙar tana da ƙara in tana juyawa, kowane zagaye da sautinsa, na uku ya fi kauri. A kan na ukun ake saki. A golmo haka muke. Mutum ashirin a layi, ba mai kallon garmarsa. Waƙa kake saurare, akwai gaɓar da kowa yake ɗaga garma tare, in ka makara na kusa da kai ya sare maka ƙafa. Sai na fara yin waƙar a cikin maƙogwaro, da yarenmu, ina daidaita ta da sarƙar. Na daina kallon yatsa. Ina kallonta ba ta motsi, don haka na bar ta.

Kwana goma sha wani abu ba abin da ya faru. Sarƙa, wuya, faɗuwa. Sarƙa, wuya, faɗuwa. Kwano yana zafi a kaina, ƙudaje, ƙarar injin niƙa na makwabta. Bayan hannuna yana ciwo kamar ana jan waya a ciki. Wata safiya aka zo gaɓar ɗaga garma, lauje ya tashi ya tsallaka talabijin ɗin ya kama turmin a wuya. Na duba hannuna. Manuniya ta ɗaga. Bai fi faɗin ƙwayar dawa ba. Manaja yana shara a waje, bai gani ba. Na sake gwadawa, ta ƙi. Sai washegari ta sake yi sau biyu.

Da yamma na nuna wa matata a kan gwiwata. Sai da na yi waƙar kafin manuniya ta ɗaga. Ta kalli yatsar, ta kalle ni.

"A kan mashin ma waƙa za ka riƙa yi?"

"In ta kama."

Ta ci gaba da tsince wake.

Yatsan tsakiya ya fi taurin kai. Wata guda ya ɗauka kafin ya ɗaga shi kaɗai ba tare da ya ja manuniya ba. Da ya fara, na koyi tsugunen tsohon. A tsugune laujen ƙafa yake shara, abokin faɗa ya faɗi, kafin ya taɓa ƙasa ka miƙe ka saki sarƙa ta ɗaga shi sama. Duka biyu ne a haɗe. Daga baya na gano na uku da na huɗu da kaina, ta hanyar kuskure. Ba ni da sunayensu na Turanci, na sa musu nawa. Akwai girbi, akwai ɗaurin dami, akwai jifan rumbu.

Tsayuwa ta uku ce na ƙi. Tsohon ya juya baya, yana kallon bango, abokin faɗa yana tahowa. Manaja ya ce duk babban dukansa daga nan yake fitowa. Sai ka bar mutum ya matso har ya ɗaga hannu, sannan ka saki yatsu biyu tare, sarƙa ta zagayo ta ƙarƙashin hammata ta naɗe shi. Na gwada. Da zarar tsohon ya juya baya sai wuyana ya sandare, zufa ta keto mini, in danna komai da komai in juyo da shi. Tun ranar hanyar Ribah ban zauna na ba ƙofa baya ba. Ko a coci bencin ƙarshe nake zama, jikin bango.

"Hoto ne fa, mijin Yaya," in ji Manaja. Ranar bai ce ɗan golmo ba.

"Na sani."

"To bar shi ya juya."

"Na ce na sani."

Wata biyu ina faɗa da tsayuwa biyu. Ina cin wasu, wasu suna cina. Masu wayo suka gane ba na juya baya, suka san inda zan tsaya. Akwai wani kofur ɗan unguwar da ya zo hutu daga bakin daga, ƙato, mai yawan dariya. Da mai takobin nan yake wasa. Kwana huɗu yana yanka tsohona.

"Baba, wannan tsohon naka ya kai ritaya. A ba shi fansho ya koma gida."

"Zauna, Kofur."

"Na zauna. Kai ne dai ba ka tashi ba tun jiya."

Rana ta biyar ya matse ni a kusurwa. A gem ɗin in aka kai ka bango ba inda za ka. Layin tsohon saura kaɗan. Na tsuguna, ya san zan tsuguna. Na miƙe, ya san zan miƙe. Ba abin da ya rage. Na taɓa na tsakiya sau biyu, tsohon ya juya ya fuskanci bango. Na ji bayana ya yi sanyi har ƙugu. Na danne madannai biyun na riƙe, ban juyo da shi ba. Ina jin takun mai takobi, ina jin sarƙa, ɗaya, biyu. A na uku na saki duka biyun. Sarƙa ta zagayo ta naɗe ta, ta ɗaga ta sama. Na bi da girbi, na bi da ɗaurin dami, na rufe da jifan rumbu. Layinta ya ƙare.

Kofur ya ajiye fad a cinya.

"Kai! Dama munafuki ne tsohon nan?"

"Sake zaɓa."

Muka yi bakwai, na ci biyar. Da zai tafi ya kama hannuna na dama ya juya shi, ya ga tabon. Bai tambaya ba. Ya ce da yarenmu, in ya dawo hutu na gaba zai rama. Daga nan labari ya bazu. Aka fara zuwa daga wasu unguwanni don a gwada mai lauje.

Yatsu biyun yanzu suna ɗagawa ba waƙa. Na auna da tsinken ashana, sun kai faɗin yatsa ɗaya da rabi. Na ce wa Manaja ya kawo makulli.

Ranar Asabar da safe muka fito da mashin. Ya sa mai, ya hura taya. Matata ta ce a ɗaura buhun dawa a baya, don fasinja ba iska ba ne. Aka ɗaura. Akwai gangare a bayan unguwar da yake sauka zuwa rafi, da shingen wata gonar kuɓewa a ƙasa. Manaja ya sauka ya ja layi da ƙafa kafin shingen, ya ce a nan zan tsaya. Matata ta tsaya a sama, hannu a ƙugu.

Na tayar. Totur bai ba ni wahala ba, riƙo ne. Shekara guda da wani abu ban ji inji a ƙarƙashina ba. Na sa giya na fara sauka. Buhun yana turo ni. Rabin gangare na taka birkin ƙafa, tayar baya ta fara ja a kan tsakuwa, mashin yana karkacewa. Na ce wa yatsu su tashi. Suka tashi, nan take, ba gardama. Bakin manuniya ya taɓa ƙarfen birki. Na ji sanyinsa. Taɓawa kawai. Kafin yatsa ya zagaya ƙarfen ya kamo shi, da saura kamar faɗin yatsa biyu. Na tura, na tura, iyakarsu ke nan. Na wuce layin Manaja, na shiga shingen a hankali, mashin ya kwanta, buhu ya danne mini ƙafa.

Ban ji ciwo ba. Manaja ya ɗaga buhun, ya ɗaga mashin, ya duba fitila. Na ce a sake. Muka tura shi sama. Na sake sauka, na sake shiga shingen, a wuri ɗaya. Na ce a sake.

"Ya isa," in ji matata. Ta sauko ta karkaɗe mini wando. Ta zare makullin da kanta ta miƙa wa ƙaninta.

Na koma wurin matar gashi ranar Litinin. Ta sa na buɗe, na rufe, na buɗe. Ta yi mamaki, ta kira wata ta zo ta gani. Ta tambayi abin da nake yi, na faɗa mata, suka yi dariya. Na tambaye ta ko zai ƙaru. Ta danna tabon, ta ce jijiyar ta manne a nan, abin da aka samu an samu, sai dai in an sake yin tiyata a babban asibiti, shi ma ba tabbas. Ta ce in ci gaba da gem ɗin don kada ya koma.

Na ci gaba. Wata uku na ƙara ina aunawa da tsinken ashana. Bai ƙaru ba.

Manaja ya saya mini sabon fad, ya rubuta alama a bayansa don kada wani ya ɗauka. Ya ce tun da nake zama shagon ba ya rabuwa da mutane, in riƙe ɓangaren gem gaba ɗaya, shi ya ji da caji. Ya kawo kujera mai hannu. Na ce to. Har yanzu a ɗakinsa muke, mu biyar.

Mashin ɗin bai daɗe a zaure ba. Wani mutumin ƙauyenmu da shi ma ya gudo da iyalinsa ya zo ya roƙa, aka ba shi. Ni na ce a ba shi, yana da yara shida. Da hantsi yakan wuce ta gaban shago da fasinja, ya ɗaga mini hannu. A kwanar injin niƙa yake rage gudu, birkin gaban yana da ƙara, ina jinsa daga inda nake zaune. Wani lokaci a tsakiyar faɗa yake wucewa. Ba na waiwayawa. Yanzu a Rikoto ba mai cin tsohon, sai in na ga mutum zai yi fushi ya daina zuwa, in bar masa ɗaya.